Yadda Ake Zaɓar Manhajar Kwaikwayon Sigina Don Allon Lantarki Mai Gudu

Ana iya zana allo tsaf, kowane layin tagulla ya je inda aka aike shi, amma ya dawo daga masana'anta ya ƙi yin abin da ake so. Layin PCIe, hanyar da ke haɗa furosesa da sauran na'urori, da ya kamata ya hau GT/s 16, wato aika sigina sau biliyan 16 a daƙiƙa, sai ya sauko ya tsaya a kan 8, ko DDR, wato ma'adanar RAM, ta fara kawo kurakurai da zarar allon ya ɗau ɗumi. Babu abin da ya tsinke. Siginar ce ke lalacewa a hanya: ƙarfinta na raguwa, tana yin amsa-kuwwa duk inda fasalin layin ya canza, tana kuma kwasar hayaniyar layukan da ke maƙwabtaka da ita. Aikin manhajar kwaikwayon sigina shi ne ta nuna maka wannan tun allon yana cikin kwamfuta, kafin a kashe kuɗin buga shi.

Manyan manhajojin nan duk sun iya lissafi. Ba a nan ake faɗuwa ba. Ana faɗuwa ne idan aka sayi wadda ba ta dace da irin siginar da ake aiki da ita ba, ko wadda ba ta karɓar fayilolin da mutum yake da su a hannu, ko kuma aka ɗura mata bayanan kayan allo marasa tushe. Shi ya sa sunan kamfani ya zo can ƙasa a wannan jagora.

Mataki na farko: san saurin tashin siginarka

Kada ka fara da tambayar MHz nawa agogon allon, wato siginar da ke buga wa cif lokaci, yake bugawa. Abin da ke jawo matsala shi ne lokacin da sigina take ɗauka kafin ta tashi daga ƙasa zuwa sama. Raba 0.35 da wannan lokaci a nanosakan, sai ka sami iyakar firikwensin da ke cikin siginar a GHz. Sannan ka riƙe cewa a cikin allon FR-4, kayan allo na gama-gari, sigina tana cin kusan santimita 15 a kowane nanosakan.

Ga misali. Agogo mai MHz 25, wanda kowa zai ce ai wannan a hankali yake tafiya, amma cif ɗin da ke fitar da shi na zamani ne, tashinsa fikosakan 500. Iyakar firikwensinsa MHz 700 ke nan, kuma a tsawon lokacin tashin siginar ta ci santimita 7.5. Ƙa'idar masu taka-tsantsan ita ce duk layin da ya wuce kashi ɗaya cikin shida na wannan tsawo, wato santimita 1.25 a nan, a ɗauke shi a matsayin layin da zai iya amsa-kuwwa. Idan ka ja shi santimita 10 ba tare da rasista mai ohm 22 zuwa 33 a bakin cif ɗin da ke aikawa ba, za ka ga siginar tana tsalle ta wuce iyaka, har mai karɓa ya ƙirga bugu ɗaya a matsayin biyu.

Da ka gama wannan lissafi ga kowace hanyar sigina, allonka zai faɗa ɗaya daga cikin rukuni uku. Akwai allon da damuwarsa ba ta wuce agogo, SPI da makamantansu ba. Wannan injin lissafin imfidans, wato turjiyar da sigina ke ji a kan layi, da manhajar da ke cin fayil ɗin IBIS, mai bayyana halin cif, sun ishe shi. Akwai mai ɗauke da DDR, inda layuka da yawa ke tafiya tare kuma lokacin isowarsu ne abin lura: a DDR4 mai MT/s 3200, wato aikawa sau miliyan 3200 a daƙiƙa, kowane bit fikosakan 312.5 kawai yake da shi. Sai kuma mai hanyoyin tagwayen layi masu tsananin gudu, irin PCIe, USB da Ethernet. PCIe zubi na 4 yana gudu a GT/s 16, firikwensin tsakiyarsa, wato rabin wannan gudu, GHz 8, asarar da aka yarda da ita daga cif zuwa cif dB 28, dB kuwa ma'aunin raguwar ƙarfin sigina ne. Zubi na 5 GT/s 32 ne, GHz 16, dB 36, kuma bit ɗaya fikosakan 31.25. Rubuta mafi tsananin hanyar da kake da ita yau, da wadda kake sa ran yi nan da shekara biyu ko uku. Waɗannan biyun ne ma'aunin duk abin da zai biyo baya.

Mataki na biyu: tattara samfuran da masu ƙera cif za su ba ka

Manhaja ba ta san halin cif ɗinka ba sai an faɗa mata, kuma da fayil ake faɗa mata. Kafin ka kira kowane dillali, nemi waɗannan fayiloli daga masu ƙera kayanka ka ga abin da zai samu.

Na farko shi ne IBIS, tsarin da ya fara fitowa a 1993. Jadawali ne na yadda ƙafar cif take fitar da wuta da yadda take tashi da sauka, ba tare da tona asirin abin da ke cikin cif ɗin ba. Kowace manhajar kirki tana karanta shi. Duk da haka ka fara wuce da fayil ɗin ta ibischk, ɗan shirin tantancewa na masu kula da tsarin, domin ba kowane fayil da aka saka a intanet ne lafiyayye ba. Duba kuma ko yana da ginshiƙai uku, na tsaka-tsaki da na mafi rauni da na mafi ƙarfi. Idan na tsaka-tsaki kaɗai aka cike, ba za ka iya gwada allon a yanayi mafi muni ba, ko da wace manhaja ka saya.

Na biyu shi ne IBIS-AMI, wanda ya shigo da IBIS 5.0 a 2008, don hanyoyin da cif ɗinsu ke gyara sigina da kansa ta hanyar dabarun gyara da ake kira FFE, CTLE da DFE. A nan ne tarko yake. Samfurin AMI ba rubutu ne zalla ba, yana zuwa da ɗan shiri da aka riga aka haɗa, DLL ga Windows ko makamancinsa ga Linux. Idan mai cif ya ba da na Windows kaɗai, kai kuwa manyan kwamfutocin lissafinka Linux suke amfani da shi, to aiki ya tsaya. Haka kuma ana samun samfurin da ke gudu lafiya a wata manhaja ya ƙi tashi a wata. Tambayi mai cif kai tsaye da waɗanne manhajoji ya gwada samfurinsa. Wani lokacin ma samfurin SPICE, mai bayyana da'irar cikin cif, ne a kulle za a ba ka, wanda manhajar HSPICE kaɗai ke buɗewa, ka ga zaɓinka ya ragu tun ba ka fara ba.

Na uku su ne fayilolin Touchstone, masu nuna yadda sigina ke ratsa abu a kowane firikwensi, masu ƙarewa da s2p, s4p da sauransu, waɗanda masu kanekta, kebul da gidan cif suke bayarwa. Kuskuren da ya fi yawa a nan ba na manhaja ba ne: jerin lambobin ƙofofi. Wani fayil ɗin sigina tana shiga ta ƙofa 1 ta fita ta 2, wani kuwa ta 1 ta fita ta 3. Idan ka haɗa su a karkace, za ka ga asara mai ban tsoro ko zane marar ma'ana. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: a firikwensi mafi ƙanƙanta, ƙofofi biyun da sigina ke ratsawa tsakaninsu za su nuna kusan dB 0. Manhaja mai kyau tana nuna maka wannan a fili, tana kuma faɗa maka idan fayil ɗin yana fitar da ƙarfi fiye da wanda aka zuba masa, ko yana nuna sigina ta iso kafin a aiko ta. Dukansu biyu ba sa faruwa a duniya, amma suna faruwa a fayil mara kyau.

Mataki na uku: wane irin injin lissafi aikin yake buƙata

Abin da ake saya a gaskiya shi ne injin da ke lissafa yadda wutar lantarki da maganaɗisu suke bazuwa a jikin allo. Iri uku ne, kuma kowanne da inda yake makancewa.

Injin 2D yana yanka allon ne a gicciye ya dubi fuskar yankan: faɗin layi, kaurin tagulla, nisansa da shimfiɗar giraun, wato faffaɗar tagullar da wuta ke bi ta dawo. Cikin daƙiƙa yake ba da imfidans da asarar kowane santimita, kuma a kan miƙaƙƙen layi amsarsa daidai ce ƙwarai. Da shi ake fitar da ohm 85 na PCIe, 90 na USB da 100 na Ethernet. Ka tabbata yana karɓar layi mai siffar da ta fi faɗi a ƙasa fiye da sama, domin haka ruwan cin tagulla yake barin sa, yana kuma lissafa fentin kariyar da ke rufe layukan waje, wanda ke rage imfidans da 'yan ohm. Makantarsa ita ce yana ɗauka shimfiɗar da ke ƙarƙashin layin a cike take har ƙarshe. Idan layin ya tsallake tsaga a shimfiɗar, ba zai gani ba.

Injin gauraye, wanda ake kira 2.5D, yana ɗaukar allo guda sukutum ya rarraba shi: layuka da wata dabara, shimfiɗun wuta da wata, ramukan haɗi, masu kai sigina daga wani hawan tagulla zuwa wani, kuma da samfuri na kusa-kusa. Shi ya fi dacewa da DDR da hanyoyin rarraba wuta, inda ake son ganin layuka tamanin a lokaci guda tare da hanyar da wuta take bi ta dawo. Rauninsa ramukan haɗi ne a firikwensi mai tsawo.

Injin 3D cikakke ba ya ɗaukar komai da zato. Yana saƙa raga a kan duk abin da aka ba shi ya warware lissafin Maxwell a kowane ido na ragar, don haka yana cin lokaci da RAM. Ga dalilin da ya sa ba a iya gudunsa a gudu mai tsanani. Ɗauki allo mai kaurin milimita 2.4, sigina ta shiga ramin haɗi daga sama ta fita a hawa na uku, milimita 0.4 daga saman. Ragowar ramin, milimita 2, ya zama wutsiya da ba ta zuwa ko'ina. Sigina tana shiga cikinta ta buga ƙarshe ta dawo, kuma a firikwensin da tsawon wutsiyar ya yi daidai da rubu'in tsawon igiyar siginar, wadda ta dawo tana kashe wadda ke wucewa. Lissafin hannu da Dk 4, wato lambar da ke nuna yadda kayan allo ke rage wa sigina gudu, zai ce wannan zai faru a kusan GHz 19. Amma zobban tagullar da ke jikin ramin da kusancin shimfiɗu suna sa ramin ya ji kamar Dk ɗinsa ya kai 6, sai wurin ya sauko kusan GHz 15, dab da GHz 16 na PCIe zubi na 5. Lissafin hannu ya ce akwai ɗan sarari, gaskiya kuwa babu. Maganin shi ne a huda ramin ta baya a cinye wutsiyar har ta rage kamar milimita 0.25, amma injin 3D ne zai gaya maka ko lallai sai an yi, da girman ɓangaren tagullar da za a share a kewayen ramin, da inda za a dasa ramukan giraun.

A ganinmu, wanda aikinsa bai wuce Gb/s 5 ba zai iya rayuwa da 2D da gauraye. Daga Gb/s 10 zuwa sama, ramuka, gindin kanekta, wurin fitowa daga ƙarƙashin BGA, wato cif mai ƙafafun ƙwallayen dalma a ƙasansa, da wurin zaman kafasitocin da ke kan tagwayen layi duk suna son 3D. Ba duk allon ake jefawa cikin 3D ba. Ana yanko wuraren nan ne, a yi dogayen layuka da 2D, sannan a jona sakamakon. Don haka ka duba da kyau yadda manhajar take yanka da jonawa. Idan aka yanka dab da rami, filin wutar da bai gama lafawa ba ya ɓace daga lissafin. A bar ɗan layi, kamar ninki uku zuwa biyar na kaurin abin da ke tsakanin hawa da hawa, kafin a sa ƙofa.

Mataki na huɗu: yadda take ɗaukar kayan da aka yi allon da su

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ya fi raba sakamakon kwamfuta da na awo.

Lambobi biyu ne ke bayyana abin da ke tsakanin hawan tagulla: Dk, mai nuna yadda yake rage wa sigina gudu, da Df, mai nuna yadda yake shanye ta. Asarar da yake jawowa a dB kan kowane santimita kusan 0.91 ce sau firikwensi a GHz, sau Df, sau saiwar Dk, wato lambar da idan aka yi ta sau kanta za ta ba da Dk. FR-4 na gama-gari mai Df 0.02 da Dk 4 yana cin kusan dB 0.58 a santimita a GHz 16. Layi mai santimita 25 ya ci fiye da dB 14 ke nan tun ba a zo kan asarar tagulla ba. Kayan da Df ɗinsu ya sauko 0.004, ajin su Megtron 6, a wannan tsawon ba su kai dB 3 ba.

Matsalar ita ce Dk da Df ba sa tsayawa wuri ɗaya, suna canzawa da firikwensi, kuma canjin ɗaya a ɗaure yake da na ɗayan. Manhajar da ta bar ka ka sa lamba ɗaya tak ga dukkan firikwensi za ta fitar da siginar da ke fara motsi kafin lokacin isowarta, zanen ido, wato hoton bit da yawa da aka ɗora kan juna don a ga sararin da ya rage tsakanin 0 da 1, ya fito ba daidai ba. Nemi wadda ke da samfurin Djordjevic-Sarkar, inda kake ba da Dk da Df a firikwensi ɗaya ita kuma ta shimfiɗa su yadda ya dace da dokar halitta.

Sai kaushin tagulla. Da firikwensi ya hau, wuta tana barin cikin tagulla ta koma bin fatarta: zurfin da take shiga kusan mikron 2 ne a GHz 1, rabin mikron a GHz 16. Fuskar tagullar kuwa da gangan ake kausasa ta don ta kama rezin, kuma a tagullar gama-gari tudun kaushin ya kai mikron da dama. Wutar sai ta bi kowane tudu da kwari. Tsohon samfurin Hammerstad yana tsayawa idan ƙarin asarar ya kai ninki biyu, ko da a zahiri ya zarce haka, shi ya sa yake nuna allo ya fi yadda yake kyau a sama da 'yan GHz. Samfurin Huray ba shi da wannan rufin. Tabbatar manhajar tana da shi, tana kuma barin ka sa kaushi daban ga saman layi da ƙasansa, domin fuska ɗaya daga masana'antar tagulla take zuwa da nata, ɗayar kuwa masu buga allo ne suke kausasa ta kafin su danne hawa-hawan. Abin lura: da zarar ka sayi kayan allo masu ƙarancin asara, tagulla ce ta zama babbar mai ci, don haka kuskuren kaushi ya fi yi maka illa a allo mai tsada.

Akwai kuma saƙar gilashi. Abin da ke tsakanin hawan zaren gilashi ne a cikin rezin. Dk na gilashin kusan 6, na rezin kusan 3. A saƙa mai faɗin ido irin 106 da 1080, ɗaya daga cikin tagwaye zai iya hawa kan zare ɗayan ya bi ta kan rezin. Idan ɗaya ya ji Dk 4.0 ɗayan 3.8, saɓanin isowarsu kusan fikosakan 1.7 ne a santimita, wato 17 a santimita 10, fiye da rabin bit a PCIe zubi na 5. Yawancin manhajoji suna ɗaukar kayan a matsayin abu ɗaya sumul, ba za su nuna maka wannan ba sai ka gina shi da hannu. Kada ka ƙi manhaja saboda haka. Ka dai san cewa maganinsa a zaɓen saƙa mai matsattsen ido yake, ko karkata layukan kaɗan.

Mataki na biyar: yadda take kaiwa ga hukunci

Bayan an fitar da halin layukan, sai a tura bit a ciki a ga ko ido ya buɗe. PCIe har zubi na 5 tana son kuskure bai wuce ɗaya cikin tiriliyan ba, kuma babu kwamfutar da za ka zauna jira ta tura bit tiriliyan ɗaya-ɗaya. Shi ya sa ake da hanya biyu. Hanyar ƙididdiga tana ɗaukar amsar bugu guda ta lissafa yiwuwar kowane jerin bit, cikin daƙiƙoƙi, amma da sharaɗin cewa halin hanyar ba ya canzawa kuma tashi da sauka iri ɗaya ne. Hanyar bit-bayan-bit tana tura miliyoyi, tana ganin yadda DFE da mai farauto agogo daga cikin sigina suke daidaita kansu, sannan ta yi hasashen ragowar. Kana buƙatar duka biyun: ta farko don gwada saituna da yawa, ta biyu don tabbatar da wanda ka zaɓa.

Ga DDR, abin tambaya shi ne nawa ne daga cikin aikin manhajar take yi da kanta. Karatu daban, rubutu daban, kowanne da ƙimar ODT, wato rasistar cikin cif mai kashe amsa-kuwwa, da za a gwada, a DDR4 daga ohm 34 har 240, a yanayi mafi rauni da mafi ƙarfi, a kan kowane layi. Da hannu wannan aikin makonni ne. DDR5 ta ƙara wani abu: ta sa DFE a layukan da ba tagwaye ba, inda tashi da sauka ba su yi daidai ba, don haka ka ce a nuna maka yadda manhajar take sarrafa samfurin AMI a irin wannan layi. Tambayi kuma ko tana haɗa girgizar wutar da ke ciyar da cif a lissafin. Idan layuka 64 suka juya a lokaci ɗaya, wutar tana nutsawa, kuma kwaikwayon da ya ɗauka wutar a tsaye take cak zai nuna ido mafi faɗi fiye da na gaske. Lissafin imfidans ɗin da ake nema a hanyar wuta ba wuya: volt 0.85, girgiza kashi 3 cikin ɗari, canjin amfiya 10, ya ba da miliohm 2.55.

Ga Ethernet mai gudu, hukuncin COM ne, wato lamba ɗaya mai nuna yadda sigina ta fi hayaniya ƙarfi, wanda ya shigo da IEEE 802.3bj a 2014, kuma a yawancin sassan ana neman dB 3 ko fiye. Manhajar da ke fitar da shi kai tsaye ta rage maka wahala.

Mataki na shida: shigar da zanen allo

Kwaikwayo iri biyu ake yi, kafin zane don fitar da dokoki, da bayan zane don tabbatarwa. Na farkon ya fi riba, domin a lokacin canji ba ya cin komai. Na biyun kuwa ya dogara da yadda zanen yake shiga manhajar. Idan ba daga kamfani ɗaya suke da manhajar zanenka ba, ta tsarin fayil na ODB++ ko IPC-2581 za a bi. Gerber zalla, fayil ɗin da ake aika wa masana'anta, ba ya wadatarwa. Bayan shigarwa duba abu huɗu da idonka: kaurin kowane hawa, zurfin hudar baya, ko an cire zobban ramin da ba a amfani da su kamar yadda masana'anta za ta yi, da ƙimar kafasitoci da rasistoci. Waɗannan ne suka fi ɓacewa a hanya ba tare da wani gargaɗi ba. Idan za ka riƙa maimaita aiki iri ɗaya, duba ko ana iya sarrafa manhajar da Python.

Su wa ke kasuwa

HyperLynx na Siemens ya fi sauƙin kamawa ga injiniyan da zane ne babban aikinsa, kwaikwayo kuwa lokaci-lokaci. Yana jan mutum mataki-mataki a DDR da hanyoyin tagwaye. Sigrity na Cadence, tare da injin 3D ɗinsu Clarity, ya fi armashi ga masu zane da Allegro, kuma yana da ƙarfi a haɗa sigina da wuta. Ansys suna da SIwave na gauraye da HFSS na 3D, wanda da yawa suke auna sauran injuna da shi, sai dai yana son mai haƙurin koyo. ADS na Keysight ya yi fice a kwaikwayon hanya da samfuran AMI da aiki da bayanan awo. CST Studio Suite ya dace idan damuwar ta haɗa da hayaniyar da na'ura ke watsawa waje da akwatin da allon ke ciki. Simbeor na Simberian ƙarami ne a kansu, gwani wajen ciro Dk, Df da kaushi daga awo. Injinsa ne ma ke lissafin imfidans a cikin Altium Designer. Si9000e na Polar injin 2D ne da masana'antun allo da yawa suke amfani da shi, kuma yin magana da masana'anta da lambobi iri ɗaya ba ƙaramin abu ba ne.

Na kyauta ma suna da wurinsu. KiCad tana karɓar IBIS ta hanyar ngspice tun zubi na 7, scikit-rf yana karantawa da jona fayilolin Touchstone, openEMS injin 3D ne na gaske, PyBERT kuma yana kwaikwayon hanyoyin tagwaye. Ga rukunin farko sun isa. Ga DDR5 ko PCIe zubi na 5, lokacin da za ka kashe wajen ɗinke su da tabbatar da amsarsu zai fi kuɗin lasisi.

Mataki na bakwai: gwada su da allon da ka auna

Zaɓi biyu ko uku ka nemi lasisin gwaji. Nunin da dillali zai yi maka da allonsa ne, wanda aka riga aka gyara don ya yi kyau. Saye a kan wannan cinikin biri a sama ne. Kai da naka allon za ka zo.

Mafi kyau a buga ɗan allon gwaji da kayan da za ka yi aiki da su, a masana'antar da za ta buga na gasken. A sa masa layuka biyu iri ɗaya masu bambancin tsawo, misali santimita 5 da 15, don idan aka cire ɗaya daga ɗaya a sami asarar santimita 10 zalla ba tare da tasirin kanekta ba. A sa layin Beatty, wato layin ohm 50 da aka faɗaɗa tsakiyarsa ya sauko kusan ohm 25, wanda tazarar ƙwanƙolin amsa-kuwwarsa ke tona ainihin Dk. A sa rami mai wutsiya da wanda aka huda ta baya, da tagwayen layi biyu kusa da juna don auna kutse, wato hayaniyar da layi ke kwasa daga maƙwabcinsa. A auna da VNA, na'urar auna yadda sigina ke ratsa layi a kowane firikwensi, har ninki biyu ko uku na firikwensin tsakiyar siginarka, a cire tasirin kayan awo bisa tsarin IEEE 370 na 2020. Sannan a yanka allon a duba shi a madubin ƙara girma, domin faɗin layi da kaurin hawa na zahiri ba su cika zama daidai da na zane ba, kuma na zahirin za ka ba manhajar.

Tsarin gwajin shi ne: daidaita Dk, Df da kaushi da layuka biyun nan kaɗai, sannan ka kulle su. Daga nan ka ce kowace manhaja ta yi hasashen ramukan da kutsen ba tare da ka sake taɓa komai ba. Wadda sai an murɗa mata lambobi a kowane siffa kafin ta yi daidai, ba hasashe take yi ba. Dubi abu uku: asara, jinkirin isowa, da wurin da ramin mai wutsiya ya nutsa. Jinkirin ya fi saurin tona kuskuren Dk.

Kula da saituna don kada ka zalunci wata. A injin 3D mai tace raga da kansa, kamar HFSS, ana tsayawa ne idan bambancin zagaye biyu ya sauko ƙasa da wata iyaka, 0.02 aka saba farawa da ita, amma ka matsa zuwa 0.01 ka nemi ta cika sau biyu a jere, ka ga ko amsar ta motsa. Tazarar firikwensi ma tana da tasiri: MHz 10 tana ba da tagar lokaci ta nanosakan 100, MHz 100 kuwa 10 kacal, wadda ba za ta ɗauke amsa-kuwwar doguwar hanya ba, sai ragowar ta naɗo ta faɗo a farkon zanen. Tabbatar kuma akwai amsa a firikwensi sifili. Rubuta awa nawa kowace ta ci daga shigar da zane zuwa sakamako, har da lokacin mutum, kuma wanda zai riƙa aikin kullum shi zai yi gwajin. Aika wa masu tallafinsu tambaya mai wuya guda ɗaya a cikin kwanakin gwajin ka ga wanda zai amsa da yadda zai amsa.

Mataki na takwas: lasisi da kwamfuta

Manyan kamfanonin nan gunduwa-gunduwa suke sayarwa. Abin da ka gani a lasisin gwaji sau da yawa komai ne a buɗe, wanda za a rubuto maka a takardar farashi kuwa wani yanki ne. Bi takardar layi-layi ka tabbatar AMI, DDR, injin 3D, lissafin wuta da mai shigar da irin fayil ɗin zanenka duk suna ciki. Tambayi ƙwayoyin furosesa nawa lasisin ya yarda a yi amfani da su, domin a wasu manhajojin ƙari a kan 'yan kaɗan na farko lasisi ne daban, sai ka sayi babbar kwamfuta tana aiki da rubu'in ƙarfinta. Lasisin da aka ɗaure a kwamfuta ɗaya ya fi araha. Mai yawo a kan netwok ya fi dacewa da mutane da yawa masu amfani jefi-jefi, amma dogon lissafin 3D zai riƙe shi har ya gama. Idan na haya ne na shekara, tambayi ko za ka iya buɗe tsoffin ayyukanka bayan ya ƙare, ka kuma saba fitar da sakamako a Touchstone don kada su maƙale a ciki.

A ɓangaren kwamfuta RAM ce kan gaba. GB 32 ta isa 2D da kwaikwayon hanya, 64 zuwa 128 ga gauraye da yankakkun sassan 3D, fiye da haka idan za a saka kanekta da gindin BGA a lissafi ɗaya. Idan allo ɗaya ko biyu masu tsananin gudu kake yi a shekara, lissafa kuɗin lasisi da kwamfuta da watannin koyo, ka gwama da ɗaukar ƙwararre ya yi maka sassan 3D, kai kuma ka riƙe injin 2D da kwaikwayon IBIS a hannunka don aikin yau da kullum.